Tatsuniyar da Muka Nemi Ƙarshenta a Doha

Tun da na dawo daga ƙasar Katar, ban zauna a majalisarmu ta bayan La'asar ba tare da wani ya tambaye ni yadda na ga wurin ba. Tambayoyin kuwa ba su da tsari. Wannan yana so ya san ko gaskiya ne har titi ake sanyayawa, wancan yana so ya ji ko na ga wani shahararren ɗan ƙwallo da idona, kuma kafin in kai rabin amsa sai a kira Magariba. Na yi aikin sufeton makarantu har na yi ritaya, ban taɓa yarda malami ya fara darasi daga tsakiya ba. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta labarin sau ɗaya, daga farkonsa zuwa inda ya tsaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

'Yata Bilkisu likita ce a Doha, mijinta kuma injiniya. Na fara shirin kai musu ziyara ne a shekarar da cutar korona ta ɓulla. Na ɗaure akwati, sai aka rufe filayen jiragen sama. Watanni masu yawa sai a waya nake ganinta, da shatin takunkumi a kumatunta, tana ce mini kada in je ko ɗaurin aure. Da hanya ta buɗe sosai, sai ga gasar cin kofin duniya ta iso. Aka ce babu baƙon da zai shiga ƙasar a waɗannan makonni sai mai katin 'yan kallo, katin kuwa ba ya samuwa sai da tikitin wasa. Haka aka saya mini tikitin kallon ƙwallo, ni da na shafe rayuwata ina korar yara daga fili zuwa aji. Hoton katin ma sai da ya ba ni wahala. Na'urar ta ƙi karɓarsa saboda hula tana yi wa goshina inuwa. A ƙarshe mai shagon hoto ya roƙe ni in cire ta, shi ya sa na shiga ƙasar mutane da takarda mai ɗauke da sanƙona, abin da ko maƙwabtana ba su taɓa gani ba.

Daga Zariya na ɗauki mota zuwa Kano. Ana aikin hanya, direban ya koma hannun da ba nasa ba. Da na yi masa magana ya ce, "Baba, ai kowa nan yake bi." Na ce masa kowa ba dalili ba ne. Bai ƙara tanka mini ba har filin jirgi. A cikin jirgin na zauna kusa da wani ɗan kasuwar atamfa, wanda ya tambaye ni ƙasar da nake goyon baya tun da Nijeriya ba ta samu zuwa ba. Na ce masa jikokina zan gani. Ya dubi katin da ke rataye a wuyana, ya dube ni, ya yi dariyar da ban ga dalilinta ba.

A filin jirgin Doha ba a yawan tambaya. Wata na'ura ce take duban ƙwayar idonka, jami'i ya ce "yalla", wato ka wuce. Inda na samu tsaiko shi ne wurin binciken kaya. Bilkisu ta roƙe ni in kawo mata daddawa da kuka, na kuwa naɗe su da kyau cikin leda da jarida. Jami'ar da ta buɗe ƙullin ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya sunsuna ya ja da baya. Na yi musu bayani da Turanci cikakke, tun daga itacen ɗorawa har zuwa yadda ake rufe kalwa ta ruɓa. Ban kai ga shanya ba jami'in ya ɗaga hannu ya ce "khalas". Daga baya na gane wannan kalma ita ce take rufe kowace magana a ƙasar.

Su Bilkisu suna zaune a unguwar Al Muntazah, a saman wani dogon bene. Gidan cike yake da baƙin da suka zo kallo, makarantu kuma an rufe su saboda gasar, don haka aka ba ni ɗakin jikana. Gadon an ƙera shi kamar motar tsere, ja, har da tayoyi. A kansa na kwana har na dawo. Abin da ya fi ba ni mamaki a benen shi ne mutane ba sa gaisawa. Za ku shiga lif da mutum, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa ya kafa wa ƙofa ido. Na ci gaba da gaida duk wanda na gani, kuma kafin in tafi wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ta fara riga ni.

Abincinsu shinkafa ce da naman rago, da busasshen lemun tsami baƙi da ake jefawa a ciki. Na cije shi ranar farko, ina zaton nama ne. A gidan wani Balarabe abokin aikin surukina aka ba ni gahawa a ɗan ƙaramin finjali. A wurinmu rage abin da aka ba ka raini ne, saboda haka na shanye. Aka ƙara, na shanye. Aka yi ta ƙarawa har zuciyata ta fara bugawa da sauri, sannan surukina ya raɗa mini cewa sai na girgiza finjalin za a san na ƙoshi. Na ce masa irin wannan bayani a ƙofar gida ake yi wa baƙo.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa tafiyar ta zauna mini a rai.

Akwai ƙaramin masallaci a bayan benen. Mutane suna zubar da takalma a ƙofarsa yadda suka ga dama, ga kantar takalma nan babu komai a kanta. Rana ta biyu na kasa haƙuri, na sunkuya ina jera su. Sai na ji an ce a bayana da Hausa, "Wannan ko ba a faɗi ba, malamin lakwal ne."

Na juya na ga wani dattijo siriri, sa'ana ko ya ɗan girme ni, yana dogara sanda. Sunansa Malam Sidiku, mutumin Kandi ne a arewacin Jamhuriyar Benin. Hausarsa irin ta yamma ce, mai "munka" da "sunka", makaranta kuma lakwal yake ce mata. Bakina ya yi ƙaiƙayin gyara, na danne. Ya zo ganin ɗansa, ma'aikacin kamfanin iskar gas, gab da rufe hanyoyi. Korona ta tsare shi, ta kuma kama shi, ta bar masa ciwon zuciya, sai ɗan ya hana shi komawa. A benenmu suke, kuma Bilkisu ce take leƙa shi.

Muka saba shan shayi mai madara a wani ɗan shago na mutanen Indiya bayan La'asar. A nan na ji cewa ya yi koyarwa a zamanin da sojojin ƙasarsu suka rungumi kwaminisanci, abin da muke kira mulkin gurguzu. Mu a Nijeriya muna maƙwabtaka da su, amma abin da na sani game da wannan zamani bai wuce kanun jarida ba. Na yi ta tambayarsa, shi kuwa bai gaji ba.

"Bindiga suna da ita," in ji shi, "amma bindiga ba ta sa a so ka. Sai sunka ce kowa shi koyi labari guda: da muna cikin duhu, yanzu gari ya waye. In an yi taro, sai a kawo tsoho shi faɗi wahalar da ya sha hannun Faransawa da sarakuna. Wahalar gaskiya ce, Sufeto, ba ƙarya ba. Amma in tsohon ya ce sarkin garinsu ya taɓa ciyar da su a shekarar yunwa, ba a ƙara kiran shi."

Ya ce ko waya mutum ya ɗauka a ofis, sai ya fara da shelar cewa a shirye yake domin juyin juya hali kafin ya ce sannu. Ya ba ni labarin ranar da sojojin haya suka sauka da jirgi a Kwatano aka kore su, da yadda labarin ya riƙa ƙiba kowace shekara, har garuruwan da ko ƙarar jirgin ba su ji ba suka samu nasu jarumai. Malaman da aka tura kwas a wasu ƙasashen gurguzu, in ji shi, duk da kaya iri ɗaya suke dawowa: yaron da ya ba da ransa domin gonar jama'a, ma'aikacin da ya yi aikin mutum goma. Suna kawai ake sauyawa.

Wannan tsari na da da yanzu bai zama mini baƙo ba. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, makarantar mishan ya sa ni, kuma a can na sha jin mutane suna tashi suna ba da shaida a kan yadda suke a ɓace kafin su ga haske. Na faɗa masa haka. Ya ce, "To, ashe tela guda ya yi muna ɗinki."

Aikinsa na musamman shi ne tatsuniyoyi. Saboda yana da murya, aka ɗauke shi yana karanta su a shirin Hausa na rediyon gwamnati. Yakan bi tsofaffin mata ya karɓo, ya rubuta, ya kai gaban wani kwamiti.

"Mi kwamitin ke nema?" Ya tambayi kansa, ya lissafa mini. Ba a yarda sarki ya zama mai adalci ba, ba a yarda ya zama mai wayo ba. Ba a yarda maraya ya yi arziki shi kaɗai ba. Sa'a ba ta da wuri, domin sa'a camfi ce. Yarinyar kirki ba za ta ƙare a gidan sarauta ba. "Jikin tatsuniya ba mu taɓa shi, don tsofaffi za su gane. Wutsiya muke yankewa mu ɗinka wata. Na iya ɗinkin nan ƙwarai. Ba ka ganin zare."

Na tambaye shi dalilin da gwamnati mai sojoji za ta damu da hirar yara. Ya ce jawabin shugaba da tuhuma ake saurarensa, amma babu yaron da yake tuhumar kakarsa. Na tambaye shi ko tilasta masa aka yi. Ya ce a'a, ya yarda da abin a lokacin, kuma har yanzu akwai rijiyoyin da aka haƙa a zamanin da ake shan ruwansu. Sai shekarar da makarantu suka rufe gaba ɗaya, kasuwa ta bushe, ya lura cewa a rediyo kaɗai gari yake ci gaba da wayewa.

Sai da muka yi kwanaki sannan ya faɗa mini abin da yake damunsa. Yana da jika, Nana, mai shekara takwas, wadda yake kira amaryarsa. A Doha aka haife ta, Turanci da Larabci sun fi Hausa ƙarfi a bakinta. Wata rana ta ce ya ba ta tatsuniyar da mahaifiyarsa ta fi ba shi. Ya fara, ya kai wani wuri, sai ya tarar ƙarshen da ke kansa nasa ne na rediyo. Na mahaifiyarsa ya ɓace. Ya ce wa yarinyar ya gaji, gobe. Watanni ke nan tana bin sa da wannan gobe.

"Likita 'yarka ba ta ɓoye mini halin zuciyata ba," in ji shi. "Ba ni so in bar wa yarinyar nan kayan kwamiti in ce mata na Inna ne."

Ga tatsuniyar. A wata shekarar fari, 'yar wani masaƙi ta je tsohuwar rijiya, guganta ya tsinke ya faɗa. Wani kada da ke ƙasan rijiyar ya ce zai riƙa miƙo mata shi cike da ruwa, in za ta riƙa kawo masa lomar farko ta tuwonta. Kullum sai ta tsaya ta rera: "Kada, kada, mai gadin ƙasa, ga lomar farko, sako mini guga." Rijiyoyin gari suka ƙafe, randar gidansu ba ta taɓa yin ƙasa ba. Labari ya kai ga sarki. Ya zo da kansa da loma a hannu, ya ture yarinyar, ya rera waƙar da ƙatuwar muryarsa. Sai ruwa ya motsa.

A nan abin da ya riƙe na mahaifiyarsa ya tsaya. A rediyo, kadan ya fito sai aka gane shi da sarki bakinsu ɗaya, su ne suke ɓoye wa talakawa ruwa. Yarinyar ta kira manoma da masaƙa, aka ɗaure su biyun da igiyar guga, aka kafa kwamitin unguwa, aka ƙara wa rijiyar zurfi, kowa ya sha.

Na yi murmushi, domin na san tatsuniyar. Kakata ta wajen uwa ta ba ni ita. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na gyara zama na ba shi ƙarshen: da ruwa ya motsa, yarinyar ta gane cewa ba kada ne yake ba da ruwa ba. Ta durƙusa, ta haɗa tafukanta, ta rufe ido, ta nemi gafarar ciyar da dabba da ta yi. Nan take hadari ya haɗu, aka yi ruwa, sarki ya koma gida da kunya.

Malam Sidiku ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Sufeto, kakarka nan, salla take yi?"

Na ce ƙwarai.

"In za ta roƙi Allah, haɗa tafi take yi ta rufe ido, ko buɗe su take yi sama?"

Ina zaune a shagon nan sai ga ajinmu na firamare a gabana, da Baturiyar da take koya mana, wadda takan sa mu kawo tatsuniyoyin gida ranar Juma'a, ta saurara, ta ce sun yi kyau, sannan ta nuna mana yadda ya kamata su ƙare. Muryar da nake jin wannan ƙarshe da ita ba ta kakata ba ce. Shekara sama da sittin ina ba da shi, na ba Bilkisu, ita ma ta ba 'ya'yanta.

Na faɗa masa labarin Baturiyar. "Ita ma ta iya ɗinki," in ji shi. Bai yi mini dariya ba, na kuwa gode masa a raina.

Daga ranar neman ya zama namu mu biyu. Katin 'yan kallo yana ba mutum damar hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa kyauta, sai muka mai da shi abin hawanmu. Hausawa suna da yawa a Doha fiye da yadda nake zato, kuma muka ƙudura cewa duk wanda muka ji yana Hausa za mu tambaye shi.

A bakin wata tasha akwai samari da aka ɗora a kan dogayen kujeru, kowanne da lasifika, suna nuna wa 'yan kallo hanya. Ɗaya daga cikinsu Bakatsine ne. Da ya sauko hutu muka tare shi. Ya ce ya san ta sarai: kadan ya leƙo ya ce ba zai ba sarki ruwa ba sai kowa a garin ya wanke hannu da sabulu. Na tambaye shi wa ya ba shi. Ya sosa kai ya ce kamar a wani wasan kwaikwayo na rediyo ya ji, na ma'aikatan lafiya. Malam Sidiku ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama. "Ashe sana'ar ba ta mutu ba," in ji shi.

A West Bay, inda dogayen gine-gine suke, wani mai gadi ɗan zangon Kumasi ya ce kadan ya rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi mai dukiya. Da muka matsa masa, ya ce shi ma bai tabbata ba ko daga fim ɗin Indiya ya haɗo. A Fereej Abdel Aziz muka ci tuwo a wani ɗaki da direbobi suke haya tare, gadaje a kan gadaje. Suka karɓe mu da girmamawa, suka ba mu wuri mafi kyau, amma suka ce su labarin kafil ɗinsu, wato mai gidan da ke riƙe da takardun aikinsu, shi ne tatsuniyar da suka sani, kuma ita ma ba su ga ƙarshenta ba.

Mun shiga wani gidan tarihi ma, inda bango da kansa yake nuna hoto mai motsi: mutanen ƙasar suna nutso neman lu'ulu'u cikin talauci, sai man fetur ya fito, sai gine-gine suka tashi. Abin ya ƙayatar. Malam Sidiku ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Da da yanzu. Wanda ya yi wannan ya san aiki." Na je kallon ƙwallon kuma, tun da an biya. Sanyi yana fitowa daga ƙarƙashin kujera, na dawo da mura. Abin da zan iya faɗa game da wasan ke nan.

Saura mutum ɗaya. Malam Sidiku yana da yaya a Kandi, Adama, wadda ta girme shi sosai, idonta ya tafi amma kanta garau. Na tambaye shi me ya hana shi kiranta tun farko. Ya ce tsoro. In ita ma ba ta da shi, to babu sauran wurin nema. Na ce masa aikin da ba a duba ba ba a san matsayinsa ba, ya kira ta.

Aka haɗa kiran da hantsi, ta wayar wani jikanta, muna zaune a falon ɗansa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi jikinsa, ta yi masa faɗan rashin dawowa. Sannan ya ce, "Yaya, tatsuniyar kada ta Inna, kin riƙe ta?"

"Ni za ka tambaya? Ga ta nan, ga ta nanku."

Muka ce ta zo mu ji ta, mu tsofaffi biyu, kamar yara. Ta ba da ita da daɗin da ban taɓa ji ba. Ta yi muryar kada, ta rera waƙar, ta kwaikwayi sarki har jikan da ke riƙe da wayar ya sa hoton rawa don dariya. Ruwa ya motsa. Malam Sidiku ya matso gaba. Sai kada ya fito, aka gane bakinsu ɗaya da sarki, aka kira manoma da masaƙa, aka ɗaure su da igiyar guga. Har kwamitin unguwa ba ta bari ba.

"Yaya," in ji shi a hankali, "wannan nawa ne. Ni na rubuta shi. A rediyo kinka ji shi."

"Kai dai Sidiku ba ka rabo da son a sani. Daga bakin Inna na ji shi."

"Ba haka take faɗi ba muna ƙanana."

Tsohuwar ta ɗaga kai, kamar tana laluben wani abu. Sannan ta ce, "Da can ba haka ba ne, gaskiyarka. Ranar da ka faɗe ta a rediyo, Inna ta tara matan zango duka a tsakar gida sunka saurara. Da ka ƙare, wata ta ce ai ba haka take ba. Inna ta ce ɗanta ya yi lakwal, gwamnati ta ba shi magana, in akwai kuskure to nata ne. Tun ranar naka take ba jikoki, har ta rasu."

"To, na farkon fa?"

"Wa ya riƙe? Naka ya fi daɗi. Har da ɗaure sarki."

Suka yi sallama. Malam Sidiku ya ajiye wayar a kan cinyarsa, ya daɗe yana dubanta.

Ana gobe zan taso, bayan Isha'i, ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa an kashe talabijin, duk da ana wani babban wasa, ya zaunar da Nana da ƙannenta da jikokina a kan darduma. Ya ce, "Amarya, yau gobe ta yi." Ya ba da tatsuniyar, yana tsayawa yana fassara musu guga da masaƙi. Ya koya musu waƙar har suka iya. Sarki ya zo, ya ture yarinyar, ya rera. Ruwa ya motsa.

"Sai me?" in ji Nana.

"Nan na uwata ya tsaya a kaina. Akwai ƙarshen da ni na ƙirƙira ina saurayi, don wata gwamnati. Akwai wanda wata malama ta ba wannan kakan naku. In kuna so gobe mu ba ku su, kowane da sunan mai shi. Amma na Inna ban san shi ba."

"Kaka, wannan ai cuta ce. Tatsuniya ba ta ƙarewa haka."

"Ba ta ƙare ba. Shi ya sa ba ki ji na ce ƙurunƙus ba."

Ta turo baki, ta ce ita ta fasa auren. Ya ce ya ji, zai nemi wata. Amma da iyayensu suka zo kwashe su, na ji ta a hanyar ɗakin barci tana rera waƙar kada ƙasa-ƙasa, kalma bayan kalma, babu kuskure ko ɗaya. Na saurara da kunnen sufeto.

Dawowa ba ta da labari, sai dai akwatina ya biyo ni daga baya. Malam Sidiku yana nan da rai lokacin da nake wannan rubutu, Bilkisu ta ce jikin sai a hankali. Yakan aiko mini da saƙon murya, kuma tambaya ɗaya yake rufewa da ita: ko an samo ƙarshen?

Saboda haka ina da roƙo ga 'yan majalisarmu da duk wanda wannan takarda ta kai hannunsa. Idan a danginku akwai tsohuwar da ta tashi a ƙauye, ba ta shiga aji ba, kuma rediyo bai isa gidansu da wuri ba, ku je ku gaishe ta, ku rera mata waƙar kada. Kada ku ba ta ko ɗaya daga cikin ƙarshen da na rubuta a nan. Ku kai ta inda sarki ya tsaya a bakin rijiya, ruwa ya motsa, sannan ku yi shiru. Abin da ta faɗa ku kawo mini shi yadda yake, ko da bai yi muku daɗi ba, ko da babu darasi a cikinsa. Na yi alkawari ba zan gyara ba.